Goyon da Na Yi a Shetimari

Tun da na dawo daga Diffa ba ni da sakat. A bakin majami'a a tare ni, a kasuwa a tare ni, har gida ƴan zumuntar mata suke biyo ni: "Malama Rahila, yaya can ɗin? Da gaske ne abin da ake faɗa a rediyo? Me ya sa kika dawo ba Saratu?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kowa na ɗauka yana ƙara nasa gishirin. To ga shi nan daga farko, yadda ya faru.

Ga wanda bai sani ba, ƙanena Iliya makanike ne na injin ban ruwa. Tun yana saurayi ya bar Maraɗi ya tafi Diffa, don masu noman tattasai a bakin kogin Komadugu ba sa rabuwa da injin da ya lalace. Ya dawo gida ya auri Saratu, ya tafi da ita, suka haifi yara biyu. Yana da abokin aiki, wani Babarbare mai suna Modu, kwano ɗaya suke ci. Bara da bazara Modu ya kira shi a waya, wai inji ya tsaya a wani lambu kusa da kogi. Iliya ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi. Ashe mutanen daji, masu bindigar nan, su ne ke jiransa. Manoma suka tsinci gawarsa, Modu kuwa ba a sake ganinsa ba. A Diffa aka binne Iliya, babu wanda ya samu zuwa a cikinmu.

Mun zuba ido Saratu ta dawo da yara, kullum sai ta ce sai an rufe lakwal, wato makarantar yaran. Aka rufe, aka buɗe, shiru. Rannan Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Rahila, ƙasar nan ta cinye mini ɗa. Ki je ki kwaso mini jikokina da uwarsu." Ni ce babba, ni ce kuma wadda kowa ya sani da iya magana. Shekara da shekaru ina koyar da mata a ikilisiya. Yi mini kowace tambaya a kan Allah, sai in kawo miki sura da aya ba tare da na buɗe littafi ba. Ina da wani darasi a kan gafara wanda har ƙauyuka ake gayyata ta in yi. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, magana ɗaya zan yi Saratu ta haɗa kaya.

Da asuba na hau kar, babbar motar fasinja. Na kwana a Damagaram wurin wata ƴar'uwa a ikilisiya, wadda ta yi ta roƙo na in fasa, da ta ga ba zan fasa ba ta cika mini jaka da ƙuli-ƙuli. Washegari na samu kujera kusa da wata Hajiya Gaji, mai fataucin tattasai, mace mai jiki da fara'a, ta naɗe cikin lafaya mai ƙamshi. Ba mu kai Gure ba kwalbar man gyaɗa da na ɗauko wa Saratu ta buɗe a ƙarƙashin kujera, ta jiƙe mata gefen lafaya. Kunya kamar in nutse. Ita kuwa ta duba ta yi dariya ta ce, "Ƴar'uwa, mu a Diffa turare muke shafawa, ke kuma kin fara soya ni tun a hanya."

Har Gure motar cike take da hira. Daga nan murya ta fara raguwa. Da muka wuce Maine-Sorowa ko yara sun yi tsit. A kowane shinge sai kowa ya sauka, a yi layi, a wuce da ƙafa, kowa riƙe da kart ɗinsa na shaidar ɗan ƙasa a sama, maza kuma su ɗaga riga a ga cikinsu. A wani shinge na laluba jakar hannuna, babu kart. Sai na tuna na cusa shi a babbar jaka a shingen baya, ita kuma an mayar da ita can ƙarƙashin buhunan mutane.

Jandarman da ke shingen ya ce, "Madam, koma gefe."

Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya tambayi sunana, ya tambayi wurin wa zan je, ya sake tambayar sunana kamar yana jira in canza. Fasinjoji suka fara tsaki, don in rana ta yi sanyi rufe hanyar ake yi, wanda bai shiga gari ba ya kwana inda yake. Hajiya Gaji ce ta fito daga layi ta ce, "Ranka ya daɗe, ka dubi zanena. Wadda ba ta iya rufe kwalbar mai ba ita ce za ta iya mugun abu?" Bai yi dariya ba, amma ya bari aka sauke kaya har aka ciro kart ɗin. Da na koma mota babu wanda ya dube ni.

Gaba kaɗan motar ta yi tari ta mutu, daidai inda itatuwa suka yi duhu ta hannun dama, wajen kogi. Direba ya ce kada wanda ya sauka. Ya fita shi kaɗai yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Hajiya na jan carbi, ni kuma na shiga jero ayoyin da na haddace a kan tsoro da kariya, ɗaya bayan ɗaya, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Bakina kawai ke motsi. Ji na yi kamar wadda ta san kwatancen gida sarai, ta zo ƙofar, amma ba ta san mai gidan ba balle ta kira sunansa ya fito. Motar ta tashi, na share wannan tunani, na ce gajiya ce.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Diffa shi ne shiru. Mu a Maraɗi ƙarar babur ba ta barin ka ji sallamar maƙwabci. Can kuwa a lokacin an hana hawansa, sai taksi da amalanke da masu tafiya a ƙasa. Saratu ta tarbe ni a tasha. Ta rame, ta yi duhu, ta naɗa lafaya irin tasu, tana ciniki da mai taksi da Barbarci kamar a nan aka yanke mata cibi. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Yaya, sannu da hanya," amma ba ta bari idonmu ya haɗu ba.

Maƙwabtanta, duk Musulmi, suka yi ta shigowa gaisuwa. Gaisuwarsu ba irin tamu ba ce da za ka yi ka wuce. "Wushe, wushe," a tafa hannu a hankali, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a sake komowa kan "wushe" ɗin, har na rasa inda zan sa amsa. Wata ta kawo kaskon turaren wuta ta tura mini ƙarƙashin zane, na zabura na ɗauka gobara ce, yara suka yi ta dariya. Aka kawo burabisko da miyar banda ja wur. Na ɗiba da tsoro, ashe tattasansu launi ne da ƙamshi, ba shi da zafin barkononmu. Na lura kuma ba a kiran sunan mutanen daji. "Yaran can" ake cewa, a rage murya. In ka ji wani ya ce "ruwa ya janye," ba maganar noma yake yi ba, yana nufin kogi ya yi ƙasa, ana iya ƙetarowa.

Saratu ta kai ni kabarin Iliya. Daga nan ta nuna mini wani layin itatuwa can kudu ta ce, "Ga kogin can. Bayansa Najeriya ce." Ni da nake zaton iyaka wani babban abu ne, sai na ga ƴar tazarar da saniya za ta ƙetare ba ta jiƙa doronta ba. Na kawo maganar komawa gida a wurin, ta ce, "Ki huta tukuna, Yaya."

Ranar Lahadi muka je sujada. Majami'ar ƙarama ce, maza biyu a ƙofa suna duba jakar kowa. Da aka ji ni malama ce daga Maraɗi, aka ce in yi wa mata magana bayan an tashi. Na yi musu darasina na gafara. Ya fito sumul, yadda ya saba. A gida in na kai wani wuri mata kan ce "Amin" da ƙarfi. A nan babu wadda ta ce komai. Suna kallo na da ladabi, irin kallon da ake yi wa yaron da ya iya karatu. Da na gama wata dattijuwa ta ce, "Mun gode, Malama," suka tashi. Saratu na can baya tana kallon tafin hannunta.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi lakwal, na ga ta zuba abinci a kwano ta ɗaure da ƙyalle, ta cika jarka da ruwa. Ta ce za ta je Shetimari ta dawo kafin azahar. Na ce zan raka ta. Ta ce, "To."

A taksin muna matse da mutane da buhuna. Gefen kwalta duk bukkoki ne na kara da leda, na mutanen da suka gudo daga ƙauyukan bakin kogi. Na tambaye ta a hankali wa za mu kai wa abincin.

"Wata tsohuwa ce, Ya Falmata. Ƙafafunta sun mutu, idon ma ya kusa."

"Ƴar ikilisiya ce?"

"A'a. Uwar Modu ce."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita. Ban iya ɗaga murya ba saboda mutane, sai na matse mata hannu na ce, "Saratu, kina da hankali? Abin da ya hana ki dawowa ke nan? Inna na can tana kuka, ke kina nan kina ciyar da cikin da ya haifi wanda ya kashe mijinki?"

Ta ce, "Yaya, jiya fa kika yi mana darasi."

"Kada ki kawo mini wannan!"

Muka sauka gab da shiga Shetimari, muka nufi bukkokin da ke kudu da kwalta. Muna tafiya ta ce, "Bayan an binne shi, na nemi inda take don in zage ta. Da zagin na zo, na shirya shi tun daga gida. Na tarar da ita kwance, maƙwabta sun guje ta saboda ɗanta, ko ɗigon ruwa babu a randarta. Na ce bari in ɗebo mata ruwa ta samu ƙarfin jin zagin. Har yau ban yi shi ba. Ban ce miki na yafe ba, Yaya, ban san sunan abin ba. Na dai san duk ranar da na zo nan, ba ni kaɗai nake zuwa ba."

Na ƙi shiga bukkar. Na zauna a gindin wata aduwa na juya mata baya. Ina jin muryarsu a ciki, da ƙarar cokali. Can Saratu ta fito ta ce maganin tsohuwar ya ƙare, za ta shiga gari wurin likita ta karɓo, in jira ta. Ta tafi.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na fara jin wani abu daga wajen kogi kamar ana fasa itace. Sai ya ƙaru, ya haɗe, sannan wani gum mai nauyi da na ji har a ƙirjina. Kafin in miƙe wurin ya hargitse. Mata na fizgar yara, awaki na tsalle, kowa ya nufi arewa, ƙetaren kwalta. Wani mutum ya wuce ni da gudu yana cewa, "Baƙuwa, tashi! Tashi!" Na laluba waya in kira Saratu, babu rezo, layi ya ɗauke. Na cire takalmi na bi mutane.

Na yi ɗan nisa sai na ji murya a bayana, siririya, tana kira, "Saratu! Saratu!"

Na tsaya. Mutane na bangaza ta suna wucewa, babu wanda ya waiwayi bukkar. Abin da ya zo mini a rai shi ne: bar ta, ɗanta ne ya jawo, hukuncin Allah ne. Har ayoyin da za su goyi bayana suka zo mini a jere. Na kuma san waɗanda suka ce in koma. Duka biyun suna kaina, a shirye, kuma babu wadda ta motsa mini ƙafa. Harbin na matsowa. Sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, kamar ina faɗa da wani a gabana, "Uba, ba na so! Ka ji ni? Ba na so!"

Ban taɓa yi wa Allah magana haka ba. Addu'o'ina duk masu tsari ne, da gabatarwa da rufewa. Amma ina faɗin haka na san an ji ni, yadda kike sanin akwai mutum a ɗaki ko ba ki waiwaya ba. Ba a yi mini faɗa ba, ba a kuma sake ni ba. Na juya.

Tana zaune a tabarma tana lalube da hannu, ƴar ƙaramar tsohuwa, duk ƙashi. Na kwance gyalena, na durƙusa, na jawo ta bayana na ɗaure kamar jaririya. Ta shafa wuyana, ta shafa kunnena, ta ce da Hausarta mai karyewa, "Ba Saratu ba. Wane ne?"

"Yayar Iliya ce."

Na ji jikinta ya sandare. Ta fara ture ni. "Sauke ni. Sauke ni, ƴata, ki gudu. Hakkinku da ke kaina ya isa."

Na ce, "Ya, yi shiru, kina ƙara mini nauyi."

Da muka iso kwalta motocin soja na tahowa a guje daga wajen Diffa. Na tsaya a gefe har suka wuce, wani soja a sama yana yi mana alama da hannu mu yi sauri. Na ƙetare. Bayan kwaltar rairayi ne, ƙafa na nutsewa, ƙaya na shiga. Na faɗi a kan gwiwa, na tashi, na sake faɗuwa. Numfashinta na bugun wuyana, tana ta ambaton Allah da harshensu. Wata mata da ta gane ta ta dube mu ta tofar da yawu ta wuce. Wani dattijo kuma ya kama ni a hammata ya ja mu har bayan wani tudu, inda mutane suka kwanta a kwari.

Na kwance ta, na jingina ta a ƙirjina. Harbin bai tsaya ba. A nan ta fara magana, a hankali, fuskarta na kallon inda ba ni ba.

"Iliya yana ce mini Ya, uwa ke nan a bakinmu. Shi ya gyara mini ƙofa a gidanmu na can bakin kogi. In ya zo sai ya ci abincina, ya ce gishiri ya yi yawa. Ban sani ba ko Modu sayar da shi ya yi, ko bindiga suka sa masa a wuya ya kira. Ni na haife shi, ban sani ba. In yana da rai ban sani ba."

Na buɗe baki, ni mai amsar kowace tambaya, babu abin da ya fito. Sai kuka. Muka yi ta yi tare, ni ina kukan ƙanena, ita tana kukan su biyun.

Ga abin da nake so ku ji, ku da kuke tambaya ta. Tsoro bai bar ni ba a kwarin nan, duk ƙarar da aka yi sai na zabura. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ya riƙe ni, ya riƙe ta, riƙo ɗaya. Na nemi ƙiyayyar da na sauko da ita daga taksi, ban same ta a inda na bar ta ba. Ba ni na cire ta ba, na san zuciyata sarai. Shekarun nan duka ina ba da labarin Almasihu, cewa ya ɗauki nauyin waɗanda suka ƙi shi, kuma duk abin da na faɗa daidai ne. Sai dai labarinsa nake bayarwa, kamar na wani sarki a wata ƙasa. Ranar nan a bayan tudu, da gwiwoyina a goge da tsohuwar nan a ƙirjina, shi kansa na sani.

Rana ta karkata kafin harbin ya lafa. Mutane suka fara leƙawa, kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce a lambuna aka yi, wasu su ce a mashigin kogi. Sai ga Saratu tana tahowa da gudu, ba lafaya a kanta, tana kiran sunana da na tsohuwar. Ashe rufe su aka yi a gidan likita, da aka buɗe ta je bukkar ta tarar ba kowa. Da ta hango mu ta tsaya cak. Ta dubi gyalena da ke naɗe har yanzu a ƙugun Ya Falmata, ta dube ni. Sai ta zauna daɓas a rairayi ta rufe fuska. Maganin yana damƙe a hannunta.

Na ƙara ƴan kwanaki a Diffa, gwiwoyina na warkewa. Na sake raka ta Shetimari, wannan karon na shiga bukkar. Ban ƙara yi mata maganar haɗa kaya ba. Ita ce ma ta ce in an yi hutu za ta turo yara su ga kakarsu, ita kuma tana nan muddin tsohuwar na numfashi. A tasha ta ba ni ƙullin tattasai da banda in kai wa Inna, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki faɗa mata a hankali."

Ban iya faɗa a hankali ba. Na zauna a gaban Inna na ba ta labarin duka, har goyon. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na aike ki ki kawo mini jinina, kin je kin goyi uwar wanda ya zubar da shi." Ta juya fuska bango. Ta daina amsa gaisuwata. Kullum da safe nakan je in share mata ɗaki, in dama mata kunu, in zauna kaɗan in tashi, ba ta ce mini ci kanki ba.

Shekaranjiya ina matsa mata ƙafa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Tsohuwar nan. Yaya sunanta?"

Ban san me za ta yi da sunan ba, ko addu'a ko tsinuwa. Na ce, "Falmata, Inna."

Ta maimaita shi a hankali, kamar mai gudun kada ta manta. Sannan ta miƙo mini ɗaya ƙafar.